Yadda Ake Kafa Tanti a Kwana a Kurmin Fadama

Kwanan fadama daban yake da kwanan tudu. A tudu sai ka share wuri, ka shimfiɗa tabarma, ka ba iska baya. A kurmin da ke bin bakin gulbi kuwa, ƙasar da ka taka da azahar tana ƙeƙashe ita ce za ta tsattsafo maka da damshi kafin asuba, raɓa ta jiƙa ka ta sama, sauro ya hana ka rintsawa. Duk da haka mutane na kwana a can tun kaka da kakanni: masunta masu bin kifi, Fulani masu gangarowa da shanu da rani, manoman shinkafa masu gadin injin ban-ruwa. Ba su da tantin kanti. Abin da suke da shi sanin wuri ne, kuma a ganina shi ne rabin aikin har da ɗoriya. Tamfol komai tsadarsa ba ya gyara mugun masauki.

Bayanin nan na mai son kwana biyu ko uku ne da kayan da babur ko kwalekwale zai ɗauka, ba ɗaki, ba famfo, ba lantarki, a fadamun Kebbi: wadda ta bi Gulbin Rima daga Argungu ta Birnin Kebbi har Bunza, ko gaɓar Kogin Kwara da gungunansa wajen Yauri.

Mataki na farko: tambaya, tun kana gida

Ba za a ɓoye ba, daji a yankinmu yanzu ba kamar da ba ne. Manyan dazukan Zamfara, irin su Sububu da Kuyambana da na wajen Ɗansadau, ba wurin kwanan nishaɗi ba ne, ka cire su a lissafi gaba ɗaya. A Kebbi ma an sha fama da 'yan bindiga a ƙasar Zuru, ga kuma Lakurawa da suka addabi arewacin jihar, har da harin da suka kai Mera ta ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba na 2024. Wurin da ke lafiya bara ba lallai ya zama lafiya bana ba. Saboda haka kurmin da za ka zaɓa ya kasance na kusa da gari, inda kana iya jin kiran salla daga ƙauye, kuma labarinsa ka samo shi a makon da za ka tafi daga bakin mazauna wurin.

Da ka isa, kada ka zarce bakin ruwa. Ka fara zuwa ƙofar mai unguwa ko hakimi da ɗan goronka, ka yi gaisuwa, ka ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, muna so mu kwana biyu a bakin gulbi, ina ya dace mu sauka?" Shi zai haɗa ka da Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunci, ya kuma sanar da 'yan banga, don kada a hango wutarka da dare a ɗauke ka wani abu daban. In dattijo ya ce maka, "Ɗana, wurin ga ba a kwana," kada ka tsaya neman hujja. Wani lokaci dalilin dorina ne, wani lokaci rikicin gona, wani lokaci abin da ba ya son faɗa a gaban jama'a.

Ruwa a ƙasar Kabi yana da masu shi. Matan Fada ta Argungu, inda ake bikin kamun kifin da aka soma a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ba a su a cikinta sai lokacin da aka buɗe. Tafkuna da yawa a ƙauyuka ma suna da irin wannan doka tasu. Kafin ka jefa fatsa, ka tambaya.

Kada ka tafi kai kaɗai. Mutum uku ya fi: in ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako. A gida kuma ka bar sunan ƙauyen da ranar dawowarka.

Lokacin tafiya

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwa ya janye, ƙasa ta kama jiki, sauro ya ragu ko da bai ƙare ba. Damina ka bar wa masu wurin. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2020 ta shanye gonakin shinkafar Kebbi ya san fadama ba ta da alkawari daga Yuli zuwa Oktoba. Bazara kuma zafi kan haura digiri 40, ga guguwar farkon damina mai yaye tamfol ta karya reshe.

Amma rani ma ba ya nufin ruwa ya tsaya cak. A Rima, in an saki ruwa daga madatsar Goronyo ko ta Bakolori, gulbi na iya ƙaruwa alhali ko gajimare babu a sama. A Kwara kuwa ruwa sau biyu yake cika. Akwai na daminarmu mai laka, sannan akwai wanda ya sauka a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, sai ya iso mana tsakiyar hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, ya zubar da lakarsa a hanya. Baƙo yakan ga yashi shimfiɗe a bakin gungu ya ce ya sami makwanci, nan kuwa ruwa na hawowa a hankali. Dabarar mai sauƙi ce: da isarka ka kafa tsinke daidai inda ruwa ya tsaya, ka duba shi da magariba, ka sake dubawa kafin ka kwanta. In ruwa ya wuce tsinken, ka ƙara matsawa sama tun da ido biyu.

Kaya

Tamfol mai mita 3 da 4 ya ishi mutum biyu. Sai leda mai kauri ta shimfiɗa, tabarma, bargo, gidan sauro mai magani, igiya kamar gaba 15, adda, ƙaramar fartanya, tocila biyu, ashana a cikin gwangwani mai murfi, tukunya, buta, jarka. Takalmi rufaffe, in da hali na roba mai tsawo irin na manoman shinkafa, da riga mai dogon hannu. Gidan sauron in sabo ne ka shanya shi a inuwa kwana guda kafin tafiya, in ba haka ba fuska za ta yi ta raɗaɗi. Cikin leda guda ka haɗa bandeji, maganin wanke ciwo, farasitamol da gishirin ORS. Waya ka ɗaure ta a leda biyu tare da abin caji.

Guzuri wanda ba ya lalacewa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, hoce in ka samu, shinkafa, manja ko man gyaɗa, yaji, kayan shayi. Kifi za ka samu wurin masunta da rahusa, tarwaɗa ko karfasa ko kurungu.

In sai an yi fito, ka sa rigar kariya, kada ka hau jirgin da aka cika maƙil, kuma ka ƙetare da rana. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare a ruwa, kuma haɗarin jirgin da ya auku kusa da Warrah ta ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayu na 2021, wanda ya ci rayuka da dama, bai kamata a manta da shi ba.

Zaɓen wuri

A nan za ka ɓata lokaci, kuma ya cancanta. Ka isa kafin la'asar domin ka sami awa biyu na haske. Ajiye kaya, ka zaga da sanda a hannu.

Itatuwa za su fara ba ka labari. Inda giyayya ta yi yawa, nan ruwa ke kwanciya wata da watanni. Ko ƙasar ta bushe a sama, ƙarƙashi da sauran laima. Inda ka ga gumbi mai ƙaya, ko burugu, ko kacala, ka riga ka shiga hurumin ruwa. Abin da kake nema ɗan tudu ne a cikin kurmin, inda kanya ko marke ko tsamiya suka tsaya, ƙasar da ɗan yashi-yashi. Dubi gindin itatuwa: ambaliyar bara takan bar zoben busasshiyar laka a jikinsu, da tarkacen ciyawa maƙale a rassan ƙasa. Ka nemi inda wannan zoben ya sauko har ya ɓace. Nan ne tudun gaskiya.

Sannan ka gwada ƙasar. Ka sari taƙi guda da fartanya, ka damƙi ƙasar ciki. In ta dunƙule ta bar maka sanyi a tafin hannu, da dare za ta yi gumi. In ta wargaje, madalla. Baƙar lakar nan da ke tsattsagewa da rani ka guje ta: ba ta da daɗin kwanciya, turke ba ya kama ta, kuma tsagogin mafakar kunama ce da ƙananan macizai.

Ka ɗaga kai sama. Busasshen reshe, amya ko kogon zuma, gidan rina, duk dalilin matsawa ne. Gindin giginya ba a kafa tanti, ɗanta guda in ya faɗo daga wannan tsawo ya isa ya fasa kai. Ɓaure mai 'ya'ya jemagu za su kwana suna yi maka kashi a tamfol. Gawo na da inuwa da rani, amma 'ya'yansa ke jawo shanu da awaki, sai ka farka a tsakiyar garke. Tsamiya kuwa, mutanenmu da yawa ba sa son kwana a gindinta saboda zancen iskoki. Ko ba ka yarda da wannan ba, abokin tafiyarka da ba zai yi barci ba shi ma matsala ne, ku matsa gaba kawai.

Sai ka sunkuyar da kai ƙasa ka nemi hanyoyi. Burtali da mashaya na shanu ne, kada ka tare su. A wajen Yauri akwai dorina, kuma da dare take fitowa kiwo a tudu ta hanyar da ta saba bi kullum. Za ka gane hanyar: faffaɗa ce, ta gangara cikin ruwa sumul, sawu mai yatsu huɗu kusan faɗin faranti, ga kashi warwatse a jikin ciyayi domin da wutsiya take watsa shi. In ka ga wannan, ba matsawa kaɗan za ka yi ba, canja wuri za ka yi ɗungurungum. Hadisi ma ya zo da hanin sauka a kan hanya da dare, domin mabiyar dabbobi ce da miyagun ƙwari.

Tsakaninka da bakin ruwa a sami aƙalla taku 70, saboda kadoji, saboda sauro, saboda ƙaruwar ruwa. Kuma ka san ta inda za ka fita zuwa tudu a cikin duhu ba tare da ka ratsa ruwa ba. Ka bi hanyar sau ɗaya da rana.

Kafa tantin

Share fili da ya fi tamfol ɗin faɗi da taku biyu ta kowane gefe. Ciyawa da busasshen ganye a kwashe su har sai ƙasa ta fito tas, domin duk abin da zai rarrafo ka gan shi da tocila. Gungumen da ke kwance kada ka ɗaga shi da hannu. Ka sa sanda, ka mirgino shi ta wajenka yadda abin da ke ƙarƙashi zai gudu ta can.

In akwai itatuwa biyu masu tazarar taku 6 ko 7, ɗaure igiya tsakaninsu daidai ƙirjinka, ka ja ta ta yi tsam. In babu, sai ka sari gwafa biyu daga busasshen ice, ka haƙa rami kamu guda ka kafa kowace, ka danne da ƙafa, ka ɗora doguwar sanda a kansu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka gefen tamfol mai gangara shi zai fuskance ta, ba baki ba. In ka bar baki ga iska, tamfol zai kumbura ya yi ta kaɗawa har ya tumɓuke turaku.

Yafa tamfol a kan igiyar, rabi nan rabi can. Fara da kusurwoyin gefen iska. Turakun ƙarfe 'yan gajeru da ke zuwa da tantin kanti ba su da amfani a ƙasar fadama. Ka fiƙe naka na ice, kamu guda kowanne, ka buga su a karkace, kansu na kallon waje. Inda yashi ya yi laushi har turke ba ya tsayawa, ɗaure igiya a tsakiyar guntun ice, ka binne shi a kwance taƙi biyu, ka tattake. Wannan ko saniya ta yi tuntuɓe da igiyar ba ya fita.

Hujin da ke bakin tamfol saurin yagewa gare shi. Kada ka dogara da shi. Ka sami ɗan dutse ko ƙwallon goruba, ka sa ta cikin tamfol kusa da kusurwa, ka tattaro tamfol ɗin a kanta ta yi kamar ƙullin goro a bakin zane, ka zarge igiya a wuyan ƙullin. Nan ne zai riƙe, kuma kana iya yin haka a ko'ina a jikin tamfol.

Gefen iska ka saukar da shi har ƙasa, ka danne da ƙasa ko ice. Ɗaya gefen ka bar tazarar taƙi guda domin iska ta riƙa wucewa. Mutane da yawa sanyi kan sa su toshe ko'ina, sai numfashinsu da damshin ƙasa su taru a cikin tamfol su riƙa ɗiga musu da asuba, su ce raɓa ce ta ratso. Bakin da ke wajen kai ka iya kare shi da zana ko kaba. Ledar shimfiɗa kuma kada ta leƙo waje da rufin, in ta leƙo raɓar da ta gangaro a kanta za ta taru ta bi ta ƙarƙashinka.

In kwana ɗaya ne, leda, sai busasshiyar ciyawa da ka kakkaɓe sosai, sai tabarma, ya wadatar. In ya wuce haka, yi gado irin na rugar Fulani: gajerun gwafa huɗu, sanda biyu a tsaye, ƙanana a gicciye, kara ko gamba a sama. Aikin awa guda ne, amma ya raba ka da damshi da kunama gaba ɗaya.

Gidan sauro a rataye shi a igiyar tsakiya tun kafin rana ta faɗi, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ta ko'ina. Kada ya taɓa jikinka, sauro na cizo ta cikin raga. Wanda ya bari sai bayan isha'i ya rataya, da sauron zai rufe kansa.

Wuta, ruwa, bayan gida

Murhu ya kasance taku 5 ko 6 daga tanti, ta gefen da iska za ta tafi da tartsatsi nesa da tamfol. Dutse wuya gare shi a fadama, kuma wanda aka tsamo daga ruwa yana iya fashewa a wuta. Ka haƙa ɗan dogon rami da bai kai faɗin gindin tukunya ba, ka ɗora ta a kai. Ka share kewayen sosai. Da hunturu ciyawa ta bushe ƙayau, tartsatsi guda ya isa ya cinye kiwon wani ko tarin shinkafarsa. Ice busasshe kawai, wanda ya faɗi da kansa. Marke da bagaruwa garwashinsu na daɗewa. Ɗanyen ganyen darbejiya a kan garwashi da magariba yana rage sauro, ko da yake ba ya maye gurbin raga. Garwashi ba ya shiga cikin tanti komai sanyi, hayaƙinsa marar wari kan kashe mutum cikin barci. Kafin a kwanta a kashe wutar.

Ruwan sha ka zo da shi daga rijiyar burtsatsen ƙauye, kamar lita 4 ga kowane mutum a yini. In dole sai na gulbi, ɗebo da guga mai igiya ba tare da ka shiga ba, ka tace da ƙyalle mai tsabta saboda matsattsaku da datti, ka jefa ɗan alif ko dakakken ƙwayar zogale ɗaya ko biyu a kowace lita, ka bar shi ya kwanta. Ya yi garau ba yana nufin ya tsarkaka daga cuta ba. Sai an tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti guda.

Wanka a tafki ko a ruwan da ke kwance cikin bado da kainuwa, ka haƙura. Nan ne ƙananan dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya suke, kuma ta fata ƙwayar ke shiga, ba sai ka sha ba. Ruwan wanka da na alwala a ɗumama shi sosai, ko ya kwana biyu a jarka.

Bayan gida a yi shi can nesa da ruwa, taku 70 ko fiye, ba a kan hanya ba, ba a inuwar da mutane ke hutawa ba. Rami taƙi guda, a rufe da ƙasa. Ƙayar kifi da ragowar abinci ma a binne su nesa da tanti, domin su ke kiran ɓera, ɓera kuma ke kiran maciji. Sauran guzuri a rataye shi a reshe. In ka ga layin kwarkwasa ya doso, zagaye tantin da toka.

Dare

Ka yi addu'ar sauka a masauki, ta neman tsari da cikakkun kalmomin Allah daga sharrin abin da Ya halitta. Takalmi a kife a kan sanda, da safe a kakkaɓe kafin a sa. Adda da tocila a wajen kai. Ba a fita ko fitsari ba haske, ba takalmi. Macijiyar nan kasa ba ta gudu in ta ji motsi, lafewa take yi a hanya, shi ya sa ake yawan taka ta.

In maciji ya sari wani, a kwantar da shi, a cire zobe ko agogo, a ɗaure gaɓar da sanda yadda ake yi wa karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti mai allurar dafin maciji. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure sama da ciwon tamau da igiya, ba a tsayawa neman macijin. Saran kububuwa kan yi kamar ba komai da farko, daga baya jini ya ƙi tsayawa, saboda haka ko mutum ya ce ya ji sauƙi a tafi. In kumurci ya yi tofi a ido, a yi ta zuba ruwa mai yawa, sannan asibiti. Wannan ne ya sa tun da rana ya kamata ka karɓi lambar mai babur ko mai jirgi na ƙauyen, ka kuma gano inda waya ke kamawa.

Kuka da motsi za ka ji su da yawa: kwaɗi, kirinjijiya na wucewa a sama, kifi na bugun ruwa. Wanda za ka kula da shi gurnanin dorina ne a kusa. In ka ji, kada ka haska ta, kada ka shiga tsakaninta da ruwa. Ku ja da baya ta hanyar tudun nan da kuka bi da rana.

Tashi

Bari rana ta busar da raɓar tamfol kafin ka naɗe, in ba haka ba zai yi fumfuna. Ɗaga leda da tabarma a hankali, kunama na son ɗumin ƙarƙashinsu. Tumɓuke turaku, kwance igiya daga jikin itatuwa, cike ramuka don kada saniya ta gurɗe. Murhu a zuba masa ruwa, a motsa tokar, a sake zubawa, a binne. Leda da gwangwani da batir su koma tare da kai. Ka biya ta wurin mai unguwa ka yi sallama, domin ya san kun fita lafiya kada a shiga nemanku.

Bayan ka dawo gida, ka sa ido a jikinka. Zazzaɓin cizon sauro ba ya tashi washegari, yakan ɗauki mako guda zuwa biyu, wani lokaci fiye. Da ka ji zazzaɓi ko ciwon kai da sanyi, je a yi maka gwajin jini a ranar, ka faɗa wa ma'aikacin lafiya inda ka kwana. In kuma ka shiga ruwa, ko da ƙafa ce kawai wajen sauka daga jirgi, sannan bayan wasu makonni ka ga jini a ƙarshen fitsari, a gwada tsargiya. Maganinta, praziquantel, bisa nauyin jiki ake bayar da shi, don haka a asibiti za a auna maka.